Tiyatar ƙwaƙwalwa ga masu farfaɗiyar da ta ƙi jin magani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 50 ne ke fama da farfaɗiya, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki.

Cutar kan taso ne idan saƙonnin lantarki da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna suka rikice. Ba a ɗaukarta ta hanyar yawu ko taɓa mai ita.

Magunguna kan tsayar da farfaɗiyar kusan mutum bakwai cikin goma. Idan aka gwada magunguna biyu da suka dace, aka sha su bisa ƙa'ida amma ciwon bai daina tasowa ba, likitoci kan ce ya ƙi jin magani. A nan ne ake fara maganar tiyata.

Yadda ake aikin

Sharaɗin farko shi ne a gano takamaiman wurin da ciwon ke farawa. Akan auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa da na'urar EEG, a ɗauki hotonta da MRI, sannan a gwada ƙarfin tunawa da na maganar majiyyaci.

Aikin da aka fi yi wa manya shi ne cire wani yanki na ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke gefen kai, daura da kunne. Idan babu wurin cirewa, akan iya yanke jijiyoyin da suka haɗa ɓangaren dama da na hagu domin rage yawan faɗuwa.

Tarihi

Likitan Birtaniya Victor Horsley ne ya share fagen aikin a Landan a 1886, lokacin da ya cire wani tabo daga ƙwaƙwalwar wani saurayi.

Daga bisani Wilder Penfield, wanda ya kafa cibiyar nazarin ƙwaƙwalwa a birnin Montreal na Kanada a 1934, ya riƙa yi wa majiyyata aiki suna farke. Yakan taɓa sassan ƙwaƙwalwarsu da ɗan lantarki domin ya san inda bai kamata wuƙa ta je ba.

Wani bincike da aka buga a 2001 kan majiyyata 80 a Kanada ya nuna cewa, bayan shekara guda, kashi 58 cikin ɗari na waɗanda aka ware domin tiyata sun rabu da farfaɗiyar da ke gusar da hankali. A cikin waɗanda suka ci gaba da shan magani kaɗai, kashi 8 ne suka rabu da ita.

Haɗari

Tiyatar na iya raunana ƙarfin tunawa, ko rage faɗin gani, ko jawo wahalar tuno kalmomi.

A 1953 an yi wa wani Ba'amurke, Henry Molaison, aiki a ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwarsa. Farfaɗiyar ta ragu, amma har ya rasu a 2008 bai sake iya riƙe sabbin abubuwan da suka faru da shi ba. Saboda wannan darasi ne ake tantance aikin ɗaya ɓangaren kafin a taɓa ɗan'uwansa.

Sai dai a ƙasashe matalauta, hukumar ta ce kashi uku cikin huɗu na masu farfaɗiya ba sa samun kulawar da suke buƙata, balle a kai ga batun tiyata.