Waiwaye Adon Tafiya: Ma'aikatan Jin Daɗin Jama'a da Ƙungiyar Ƙwadago a Maiduguri

'Yan uwa masu karatu, musamman mazauna Hausari da Zango da Gwange, da duk wani Bahaushen da cin abinci ya kawo shi ko ya kawo iyayensa ƙasar Shehu. A wannan karon ina so ne mu ɗan waiwayi tarihin ƙungiyar ƙwadago a wannan gari namu, mu ga inda ma'aikatan jin daɗin jama'a suka tsaya a cikinsa. Da su nake nufin masu kula da gidan marayu da gidan gyaran halin yara, da masu sasanta ma'aurata a ofis, da masu nemo wa maras lafiya danginsa a asibiti, da waɗanda suka yi shekara da shekaru suna zirga-zirga a sansanonin 'yan gudun hijira. Akwai 'ya'yanmu da ƙannenmu da yawa a cikin wannan aiki, amma idan aka kira taron ƙungiya sai ka ƙirga su da yatsun hannu. Dalilin da nake ji a bakinsu kullum shi ne, "Mu baƙi ne, mene ne namu a ciki?" To wannan maganar ce nake so mu auna da ma'aunin tarihi.

Yadda aikin ya samo asali

Kafin zuwan Turawa, kula da maraya da gajiyayye nauyi ne na dangi da mai unguwa da malamin tsangaya, da kuma zakka. Mayar da shi aikin albashi a Legas aka fara, a farkon shekarun 1940, lokacin da yaƙin duniya na biyu ya cika titunan birnin da yara marasa galihu. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora wa wani Bature mai suna Donald Faulkner wannan aiki, sannan a 1943 aka yi dokar yara da matasa. Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1958.

Ita kuwa Maiduguri, a 1907 aka kafa ta, sa'ad da Shehu Garbai ya dawo Yerwa da zama. Fatake da mahauta da dukawa da almajirai daga ƙasar Hausa suka biyo, Barebari suna ce mana Afuno, har unguwar da aka sauke mu ta ci sunan Hausari. Jirgin ƙasa ya iso a 1964. A 1967 garin ya zama babban birnin Jihar Arewa Maso Gabas, a 1976 kuma aka ƙirƙiro Jihar Borno. Da zamansa babban birni ma'aikatu suka yawaita, ofisoshin jin daɗin jama'a suka samu gindin zama, aka shiga tura matasa kwas a makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. A 1974 gwamnatin tarayya ta yi dokar soja kan raya jin daɗin jama'a, a 1975 kuma masu wannan sana'a suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, wato NASoW.

Sai dai mai karatu ya lura da abu guda. NASoW ƙungiyar masu sana'a ce, mai kula da ilimi da ɗa'ar aiki da martabarsa. Zama da gwamnati a kan albashi, ko kiran yajin aiki, hurumin ƙungiyoyin ƙwadago masu rajista ne. A nan gizo yake saƙar.

Gyaran 1978 da abin da ya haifar

Ƙungiyar ƙwadago a Nijeriya ta girmi wannan aiki nesa ba kusa ba. Tun 1912 ma'aikatan gwamnati suka kafa tasu. A 1945 aka yi babban yajin aikin da ya shafe fiye da wata guda, wanda sunan Michael Imoudu ya fito a cikinsa. A Arewa ma, Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta a 1948. A wancan zamani ma'ajin ƙungiya shi ke bin mutane ɗaya bayan ɗaya ranar albashi yana karɓar kuɗin wata. Wanda bai gamsu da shugabanni ba sai ya hana, don haka dole shugaba ya san mambobinsa, su ma su san shi.

A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta tattara ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi ta mayar da su guda 42 a ƙarƙashin uwa ɗaya, NLC, wadda Hassan Sunmonu ya fara shugabanta. Aka kuma tsara cewa za a riƙa cire kuɗin ƙungiya daga albashi tun kafin ya iso hannun mai shi. Wannan ya ba ƙungiyoyi ƙarfi da kuɗi, kuma an ga amfaninsa: yajin aikin watan Mayu na 1981 shi ya kawo mafi ƙarancin albashi na naira 125 a zamanin Shehu Shagari. Hutun ranar ma'aikata ma, gwamnatin Abubakar Rimi ce ta fara ba da shi a Kano a 1980, kafin ya zama na ƙasa baki ɗaya a shekara mai bi.

Amma gyaran ya bar wa ma'aikatan jin daɗin jama'a matsala biyu. Ta farko, an raba ƙungiyoyin ne bisa wurin da mutum yake aiki. Wanda ke ƙaramar hukuma ya faɗa NULGE. Wanda ke ma'aikatar jiha ya faɗa ƙungiyar ma'aikatan gwamnati, idan ya yi girma ya koma ta manyan ma'aikata. Wanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya ya faɗa ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya. Sana'a ɗaya, gida uku ko huɗu, kuma a kowane gida su ne 'yan tsiraru. Ta biyu, tunda kuɗi na shiga ko an zo taro ko ba a zo ba, sai mamba ya daina jin ƙungiyar tasa ce, shugaba kuma ya daina jin yana buƙatarsa. Ko da dokar 2005 ta ce shiga ƙungiya ganin dama ne, wannan ɗabi'a ta riga ta zauna. Na sha tambayar matasanmu sunan ƙungiyar da ake cire musu kuɗinta, sai su ce su dai suna ganin an rage wani abu a takardar albashi.

Mutum biyu da Borno ta ba ƙasa

Duk da haka, kada wani ya ce ƙaramin ma'aikaci daga wannan lungu ba ya iya kaiwa ko'ina. A tarihin NLC, sau biyu shugabancinta yana zuwa Borno, kuma dukansu daga ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta MHWUN suka fito, wato maƙwabtan ma'aikatan jin daɗin jama'a na kusa.

Na farko shi ne Alhaji Ali Ciroma, wanda ya riƙe NLC daga 1984 zuwa 1988, a tsakiyar mulkin soja. A zamaninsa ne aka kashe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a watan Mayun 1986, NLC ta shirya zanga-zangar nuna alhini, gwamnatin Babangida ta kama shugabanninta. Ya yi tsayin daka wajen adawa da tsarin tsuke bakin aljihu da cire tallafin man fetur, har a 1988 gwamnati ta fake da rikicin cikin gida ta rushe shugabancin ƙungiyar ta naɗa kantoma. Allah Ya yi masa rasuwa a nan Maiduguri a watan Afrilun 2024, yana da shekara 91. Allah Ya jiƙansa.

Na biyu shi ne Ayuba Wabba, ɗan ƙaramar hukumar Hawul a kudancin jihar, wanda ya shugabanci NLC daga 2015 zuwa 2023. A hannunsa aka samu mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 a 2019. A ƙarshen 2018 kuma aka zaɓe shi shugaban haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya, ITUC, ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera.

Ɗayansu Musulmi ne ɗan cikin gari, ɗayan Kirista daga kudu. Abin da ya haɗa su shi ne tun suna ƙananan ma'aikata suke zama a taron reshe, ana sanin fuskarsu, ana ba su ƙananan ayyuka suna yi. Sannu ba ta hana zuwa.

Shekarun fitina

Daga watan Yulin 2009 komai ya canza. Zuwa 2014 garuruwa irin su Bama da Gwoza da Dikwa sun watse, jama'a sun kwararo Maiduguri. Aka buɗe sansanoni a Bakassi da Dalori da rukunin gidajen malamai da sauransu. Aikin da a da ake yi wa kallon na rabon gardamar miji da mata ya koma na nemo iyayen yaron da ya ɓata a daji, da rarrashin yarinyar da aka kuɓutar, da karɓar yaran da ake kaiwa cibiyar Bulumkutu kafin a mayar da su ga danginsu. Duk wanda ya zauna da mai wannan aiki a shekarun nan ya san da yawansu barci ma gagararsu yake yi.

A daidai wannan lokaci ƙungiyoyin agaji na waje suka cika gari, suka ɗauki matasa masu yawa, da 'ya'yanmu a ciki, domin Hausa ita ce harshen da ke haɗa Babarbare da Bashuwa da Bamargi da ɗan Gwoza. Albashinsu ya fi na gwamnati, amma kwantiragi ne na watanni, ba fansho, kuma yawanci ba ƙungiya. Haɗarin kuwa kowa ya gani. A 2018 aka kashe Saifura Khorsa da Hauwa Liman, ungozomomi biyu da aka sace a Rann. A watan Yulin 2020 aka kashe wasu ma'aikatan agaji biyar. Daga 2021 gwamnatin Farfesa Babagana Zulum ta shiga rufe sansanonin cikin gari. A watan Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci Gwange da kasuwar Monday da unguwanni masu yawa, aka sake neman waɗannan ma'aikata ruwa a jallo. A farkon 2025 kuma Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, mutane da dama suka wayi gari ba aiki, ba kuma wanda zai zauna a madadinsu a tattauna haƙƙin sallama.

A nan ake gane amfanin ƙungiya mai rai. Ƙungiyar malamai ta NUT ta ƙirga mamatanta, ta fito a 2015 ta ce an kashe malamai 611, wasu 19,000 sun bar gidajensu, duniya ta ji. Malamai suna gida ɗaya ne, shi ya sa suka yi magana da baki ɗaya. Ma'aikatan jin daɗin jama'a kuwa, wahalarsu ta rarrabu kamar yadda su kansu suka rarrabu.

Mu koma kan maganar baƙunta

Ba na musun cewa akwai ciwo. An haife ni a wannan gari, amma akwai ofishin da na taɓa neman abu aka ce in koma garin kakana in kawo takardar shaidar asali. Kusan kowane gida a Hausari yana da irin wannan labari, kuma shi ya koya mana lafewa: ka yi aikinka, ka karɓi albashinka, ka yi shiru.

To amma katin ƙungiyar ƙwadago yana cikin takardu ƙalilan da ba a tambayar asalin mutum kafin a ba shi. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago don kare muradunsa. Ranar zaɓen reshe, ƙuri'ar jikan Bakatsine daidai take da ta jikan Shehu. Idan aka ci nasara, kamar naira 70,000 da aka sa hannu a kanta a 2024, ba a ware baƙo. Haka idan aka yi sakaci, ƙarin girma ya maƙale ko fansho ya ƙi fitowa, kowa zai sha. Wanda ya ƙi zuwa taro don yana ganin shi baƙo ne, shi ya ƙara wa kansa baƙunta a wurin da doka ba ta ɗora masa ita ba.

Akwai kuma ƙofofin da suka buɗe a 'yan shekarun nan. A farkon 2022 Jihar Borno ta samu dokar kare yara, a ƙarshen shekarar kuma Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar kula da wannan sana'a a ƙasa. Doka dai takarda ce. Yawan ma'aikatan da za a ɗauka don aiwatar da ita, da matakin albashin da za a ɗora su, da alawus na haɗari, da kula da lafiyar wanda ya yi shekara goma yana sauraron labarin kisa, duk a teburin tattaunawa ake yanke su, kuma wanda reshensa ya tura shi kaɗai ke zama a wannan tebur.

Don haka shawarata ga ƙannena masu wannan aiki mai sauƙi ce. Ka duba takardar albashinka ka san sunan ƙungiyarka. Ka nemi sakataren reshe ka tambaye shi ranar taro, ka je, ka kuma tambayi yadda ake kashe kuɗin da ake cire maka. Ku da ke ƙaramar hukuma da ma'aikata da asibiti ku riƙa haɗuwa a inuwar NASoW ku tsayar da buƙata ɗaya, kowa ya kai ta ƙungiyarsa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mata, waɗanda su ke ɗauke da kaso mai yawa na wannan aiki, a daure a riƙa sa taro a lokacin da za su iya halarta, mu kuma mazaje da iyaye mu bar su su je. Masu aikin kwantiragi su sani cewa 'yancin nan na sashe na 40 ya haɗa da su.

Iyayenmu da suka zo da jaki da ƙafa sun kafa ƙungiyoyin mahauta da na dillalai da na direbobi a wannan gari, kuma da su suka samu bakin magana a gaban hukuma. Bai kamata 'ya'yansu masu takardar makaranta su kasa abin da suka yi ba.

Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa a Borno da Nijeriya baki ɗaya, Ya saka wa masu share hawayen marayu da alheri, amin. Wanda yake da ƙarin bayani, musamman dattawanmu da suka ga zamanin Ali Ciroma da idonsu, ƙofa a buɗe take.