Awon gajimare da danshin iska daga jirgin sama a Nijar

Ruwan da manomin Dakoro ke jira, mafi yawansa daga manyan hadura yake zuwa, masu tasowa daga gabas su nausa yamma. Ƙoƙuwar irin wannan hadari takan wuce kilomita 12 a sama, inda sanyi ya sa gajimaren duk ƙwayoyin ƙanƙara ne. Ma'aunin ruwa da ke ƙasa ba ya ganin wannan. Shi ya sa masana suka ɗora na'urori a jiragen sama.

An fara babban gwaji a 1992, lokacin shirin HAPEX-Sahel kusa da Yamai, wanda ya fi mai da hankali ga danshin da ƙasa da tsirrai ke saki. Aikin ya kankama sosai a daminar 2006, ƙarƙashin shirin AMMA na binciken damina a Afirka ta Yamma. Jirgin Faransa Falcon 20 da na Birtaniya BAe-146 suka sauka Yamai, jirgin Rasha Geophysica mai tashi kusan kilomita 20 kuma ya yi sansani a Wagadugu. Daga Damagaram aka riƙa sakin manyan balan-balan masu jefo na'urorin awo.

Na'urar da ta fi dacewa da bukatar yankuna irin Dakoro ita ce LEANDRE 2. Tana harba hasken leza iri biyu zuwa ƙasa. Tururin ruwa na shanye ɗaya, ɗayan kuwa ya wuce kusan lafiya lau. Bambancin abin da ya dawo shi ke nuna yawan danshi a kowane hawa na iska. Da ita aka ga, dalla-dalla, bakin da iskar bazara mai laima ke kutsawa ƙarƙashin busasshiyar iskar Sahara. Sai wannan bakin ya haura arewa kafin shuka ta yiwu a kwarin Tarka da ke yankin Dakoro, kuma jinkirinsa na 'yan makonni yunwa ce ga gida da garke.

Ita kuwa RASTA, rada ce mai leƙa cikin gajimare ta auna ƙanƙarar da yadda take motsi. A Agustan 2010 Falcon 20 ya komo Yamai da ita, don share fagen tauraron Megha-Tropiques na Faransa da Indiya, wanda aka harba a Oktoban 2011.