Lamba 18: me ke faruwa bayan ka kira ƴan kwana-kwana?

A Nijar, kamar a Faransa, 18 ita ce lambar ƴan kwana-kwana, 17 ta ƴan sanda, 15 kuma ta SAMU, wato likitocin gaggawa. Kiran kyauta ne.

Wanda ya ɗauki wayar ba shi ke fita ba. Aikinsa tantancewa: ina ne, me ya faru, mutum nawa, akwai mai numfashi da ƙyar? Daga amsarka yake zaɓar abin da zai tura: motar ruwa, ambilans, ko duka biyu. In gobara ta haɗa da masu ƙuna, sai ya sanar da asibiti tun kafin a iso da su. In hatsarin mota ne a kan hanya, a kira jandarma.

A gundumar Arlit, babbar matsala nisa ce. Mutumin Gougaram da ya ji ciwo mai tsanani, CSI ce ke fara karɓarsa, sannan Arlit. In abin ya fi ƙarfinsu, sai babban asibitin Agadas, wajen kilomita 240 daga Arlit.

Shi ya sa kwatance ke ceton rai. A daji babu sunan titi: faɗi rijiya, ƙorama ko zango mafi kusa. Tura yaro bakin hanya ya tari motar. Kada ka kashe waya sai an sallame ka. Kiran wasa kuwa yana toshe layin mai bukata ta gaskiya.