Boko

Boko tsohuwar kalmar Hausa ce da asalinta ke nufin algus, yaudara ko abin da aka shirya don a rufe idon mutane. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo ta da irin waɗannan ma'anoni. A bikin aure, amaryar boko ita ce wadda ake lulluɓewa a fito da ita a matsayin amarya, alhali ta gaskiyar tana ɓoye. Haka kuma ana cewa "biri-boko" ga abin da ke da girman suna amma ba komai a cikinsa.

Da Turawan mulkin mallaka suka kawo makarantunsu, irin wadda Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawar Kano a 1909, sai jama'a suka laƙaba wa karatun da baƙaƙensa sunan boko, don a ganinsu bai kai karatun allo ba.

Mutane da dama na ɗauka an aro kalmar ne daga kalmar Ingilishi mai nufin littafi. Masanin harshe Paul Newman ya rusa wannan zato a 2013, kuma hujjarsa ta fi ƙarfi. A yau an fi cewa jabu ko bogi idan ana nufin kayan ƙarya.