Shayi Ɗan Gida, Gahawa Baƙuwa

Wata safiya cikin hunturu ina zaune a teburin mai shayi kusa da tashar motar Kazaure, ina jiran motar Kano ta cika, sai wani saurayi ya zo ya ce a haɗa masa Nescafé zalla, ban da madara. Wani dattijo da ke gefena ya dube shi ya ce, "Yaro, in barci kake gudu ga goro, in kuwa yunwa kake ji ka sha shayi. Wannan ruwan ɗaci na mene ne?" Aka yi dariya aka watse, amma ni maganar ta zauna mini, domin dattijon ya dunƙule tarihin kusan shekara 200 cikin numfashi guda.

Shayi da gahawa dukkansu baƙi ne a ƙasar Hausa, sunayensu ma sun isa shaida. "Shayi" daga Larabci muka aro, asalin kalmar kuwa "cha" ce ta mutanen Sin. "Gahawa" ita ma Balarabiya ce, daga "ƙahwa". To me ya sa ɗaya ya zama ɗan gida, ɗayar kuwa har yau take raɓe a bakin ƙofa?

Abin mamaki shi ne gahawa ce ta riga shayi yaɗuwa a yawancin ƙasashen Musulmi. Asalin itaciyarta Habasha, kuma a ƙarni na 15 sufayen Yaman suka riƙa shanta don su raya dare da zikiri. Ta bunƙasa har sai da mahukuntan Makka suka hana shanta na wani lokaci a 1511. Alhazanmu sun gan ta a Hijaz, fataken Gadamas da Tarabulus da ke zaune a Kano sun san ta. Duk da haka ba ta kama ƙasa ba, domin ta tarar da mai gida a kan kujerarta, watau goro.

Tun kafin jihadi ayarin Hausawa ke zuwa Gwanja su ɗauko goro a bisa jakuna. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya lura cewa goro ya zama dole ga mutane kamar yadda shayi da gahawa suke ga Turawa. Sinadarin da ke korar barci a cikin gahawa shi ne dai a cikin goro. Bugu da ƙari goro ba ya bukatar wuta ko tukunya, ga shi ya shiga aure da suna da gaisuwar manya. Saboda haka sa'ad da Ɗantunku ya kafa masarautar Kazaure wajen 1819, mai son wartsakewa goro yake nema, mai karin kumallo kuwa koko da kunu da fura da ɗumame sun wadace shi.

Shi kuwa shayi ta ƙofa biyu ya shigo mana. Ta farko ita ce ta arewa. A lokacin yaƙin Kirimiya (1853 zuwa 1856) 'yan kasuwar Ingila suka karkata koren ganyen Sin zuwa tashoshin ruwan Maroko, ya yi araha, ya bi raƙuma ya ratsa Sahara har ya zama al'adar Buzaye. Daga "atay" na Maroko aka sami "ataya" da ake dafawa a 'yar buta bisa gawayi, a sha zagaye uku, na fari ya fi ɗaci, na ƙarshe ya fi zaƙi. Mutanen Babura da ke bakin iyakar Nijar ba sa bukatar a yi musu bayaninsa. Farin 1973 zuwa 1974 ya koro Buzaye da yawa zuwa garuruwanmu, suka kama aikin gadi, butocinsu suka biyo su.

Ƙofa ta biyu ta kudu ce. Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso ta a 1911, kantunan kamfanoni irin su John Holt suka kawo baƙin ganyen Indiya da Silon, da sukari, da madarar gwangwani. Wannan shayin da farko na ma'aikata ne da sojoji da 'yan makarantar kwana. Da gidajen burodi suka yawaita, motoci kuma suka ƙaru a hanyar Kano zuwa Daura, sai ya sauko bakin titi, ya sami tebur da benci da ƙatuwar tukunya.

A nan sirrin yake, ya mai karatu. Shayi bai yi takara da goro ba, wurin koko ya nema. Da aka zuba masa madara da sukari aka jiƙa burodi a ciki, ya tashi daga abin marmari ya koma abinci, direba da ɗan dako da ɗalibi suka sami abin da zai riƙe su zuwa azahar. Shi ya sa ko Bournvita ko Milo aka dama babu ganye ko ɗaya, "shayi" muke cewa. Muka kuma yi masa ado da kayan gida: citta, kanumfari, na'ana'a.

Gahawa ta sake dawowa a cikin gwangwani, bayan an ƙirƙiro Nescafé a Suwizalan a 1938, amma matsayinta a teburin bai wuce cokali guda da ake barbaɗawa don ƙarin ƙarfi ba. Sabon sunanta ma, "kofi", ya ci karo da sunan mazubin da ake sha a ciki. A tsaunin Mambila ana noma su duka biyu, amma ganyen shayin ne ya fi suna a kasuwa.

Ina ruwan marubuci da wannan? Sau da yawa a littattafanmu in ana so a nuna Alhaji ya waye, sai a miƙa masa kofi a falo, alhali marubucin bai taɓa ganin haka a unguwarsu ba. Abin da mutum ke sha yana faɗin aikinsa da aljihunsa da inda ya yi yawo, kuma mai karatu yana gane aro. Sa'annan tarihin teburin mai shayi yana cikin kawunan dattawa, su kuwa kullum raguwa suke yi. Wa ya fara kafa tebur a Roni? Daga ina ganye ke zuwa kasuwar Gwiwa? Kwabo nawa ne kofi guda kafin naira ta fito a 1973? Ɗan'uwa, ɗauki biro da takarda ka nemi mafi tsufan mai shayi a garinku, ka sayi kofi biyu, ka zauna ka saurara. Allah ya sa mu dace.