Kolejin Katolika a bakin birni: tarihin rashinsa a ƙasar Adar da abin da ya haifar

1. Gabatarwa

Wanda ya bi tarihin makarantun boko a Madawa, Buza da Keita, tun zamanin Turawa har shekarun farko na mulkin kai, ba zai tarar da kolejin mishan a cikinsu ba. Amma a daidai wannan lokaci, a Yamai da Kaduna da Kano, ƴan mishan na Katolika sun kafa makarantun sakandare da suka shahara wajen kai ɗalibai jami'a. Wannan maƙala tana neman nuna cewa mazaunin waɗannan makarantu siyasar mulkin mallaka ce ta zaɓe shi, kuma wannan zaɓi ya taimaka wajen raba yara gida biyu: masu hanyar ilimi mai zurfi a ƙofar gidansu, da waɗanda sai sun bar ƙasarsu.

2. Dokoki biyu, sakamako ɗaya

A Arewacin Najeriya, bayan cin Sakkwato a 1903, Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addininsu ba. Ma'aikatan mulki sun fassara wannan alkawari da hana ƴan mishan zama cikin biranen sarakuna. Likita Walter Miller na CMS ya samu shiga birnin Zariya a 1905, amma a ƙarshen shekarun 1920 mishan ɗin ya koma Wusasa, wajen ganuwa. Su kuwa Katolika sun fara kafa sansaninsu a Shendam a 1907, nesa da ƙasar Hausa.

A ɓangaren Faransa dalilin daban ne. Dokar 1905 ta raba coci da gwamnati, kuma yawancin kwamandoji ba su da sha'awar fada-fada, balle a yankin da suke gudun tayar da hankalin malamai. Dokar 14 ga Fabrairu 1922 ta wajabta wa kowace makaranta mai zaman kanta neman izini da koyarwa da Faransanci. Wannan ya ɗaure hannun mishan na SIM, wanda ya zauna Damagaram a 1924 sannan Tsibiri kusa da Maradi, domin ma'aikatansa masu Ingilishi ne. Saboda haka ya fi ba da ƙarfi ga wa'azi da Hausa da aikin magani. Babbar alamarsa a jahar Tawa ita ce asibitin Galmi, kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, wanda aka buɗe a 1950.

Katolika sun makara ƙwarai a Nijar. Sai a 1931 Fada Faroud na ƙungiyar SMA ya kafa mishan a Yamai. Bayan yaƙin duniya na biyu fada-fada na ƙungiyar Redamtoris suka karɓi aikin, kuma a 1961 aka ɗaga Yamai ta zama mazaunin bishop, da Hippolyte Berlier a kai. Mabiyansu na farko yawanci baƙi ne: akawuna, magina da ƴan kasuwa daga Dahome, Togo da Haute-Volta. Inda waɗannan baƙi suka taru, nan aka gina coci, nan kuma makaranta ta biyo baya. Ƙauyukan kwarin Majiya da tsaunukan Keita ba su cikin wannan lissafi.

3. Makarantar bakin birni

Idan muka duba Najeriya za mu ga siffar a fili. A Kaduna, garin da Turawa suka kafa, fada-fada na SMA sun buɗe St. John's College a 1949, sistocin OLA kuma suna da Queen of Apostles College a Kakuri, kudancin gari. A Kano, sistocin St. Louis daga Ailan sun iso a 1948, kuma makarantarsu ta ƴan mata tana Bompai, bayan ganuwar birni. A Yamai, kolejin Mariama na ƴan mata ya buɗe a farkon shekarun 1960 a hannun sistoci daga Kanada.

Abubuwa uku suka ba waɗannan makarantu ƙarfi. Na ɗaya, malamansu ƴan ƙungiyar addini ne da ba su da iyali kuma ba su neman babban albashi, don haka kuɗi kaɗan yakan yi aiki mai yawa. Na biyu, tsarin kwana ya ba su ikon tsara ranar ɗalibi tun asuba har dare. Na uku, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne irin yaran da suke ɗauka: ƴaƴan ma'aikata da suka riga suka ji harshen Turawa a gida, kuma iyayensu na iya biyan kuɗin makaranta. Kyakkyawan sakamakon jarrabawa ya fito daga horon makaranta, ya kuma fito daga tankaɗen da aka yi tun a bakin ƙofa.

Daga nan hanyoyin ƙasashen biyu suka rabu. A farkon shekarun 1970 gwamnatin soja ta jihar Arewa ta Tsakiya ta karɓe makarantun mishan: St. John's ta zama Rimi College, Queen of Apostles ta zama Queen Amina College. A Nijar makarantun Katolika sun zauna a hannun coci. Da yake Kirista ba su kai kashi 2 cikin 100 na jama'a ba, yawancin ɗalibansu ƴaƴan Musulmi ne, kuma iyaye sun yarda da su don aikin makarantun ya fi karkata ga karatu, ba juyar da addini ba.

4. Hanyar ɗan Adar

Ga yaron Madawa ko Buza, hanya ta gwamnati ce kawai. Yakan shiga lakwal, sau da yawa don an tilasta wa sarkin kanto ya kawo yara, sannan in ya yi fice a tura shi Tawa ko Yamai. A zamanin Turawa ƙololuwar hanyar ita ce makarantar William Ponty ta Senegal, inda Boubou Hama, Diori Hamani da Djibo Bakary suka yi karatu. A 1960 yaran da ke lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba, kuma jami'ar Yamai ba ta samu ba sai a farkon shekarun 1970.

Wannan ba ya nufin Adar ta rasa ilimi. Makarantun allo da zaurukan malamai sun daɗe suna aiki, kuma almajirai na zuwa Sakkwato, Katsina da Kano neman ƙari. Sai dai wannan ilimi ba ya kai mutum ga bakaloreya ko kujerar ofis. Madarasar farko ta gwamnati mai haɗa Larabci da Faransanci an buɗe ta a Say a 1957, a yammacin ƙasa. Yarinyar ƙauye ce ta fi cutuwa: iyayen da suka yarda namiji ya tafi gari mai nisa ba su cika yarda da haka ga mace ba, alhali makarantar kwana ta sistoci, wadda ta kawar da wannan tsoro ga iyayen Yamai, tana can nesa da su.

5. Kammalawa

Abubuwa sun sake. A 2001 an kafa mazaunin bishop a Maradi, wanda ya haɗa da jahar Tawa, da Ambroise Ouédraogo a matsayin bishop na farko. A 2010 Tawa ta samu jami'arta. A Janairun 2015, a tarzomar da ta biyo bayan zanen jaridar Charlie Hebdo, an ƙone coci-coci da makarantun Kirista a Damagaram da Yamai, kuma yaran da suka rasa azuzuwa a lokacin har da ƴaƴan Musulmi masu yawa.

Darasin da mai nazarin tarihin ilimi zai ɗauka shi ne ya riƙa tambayar inda aka gina makaranta da wanda ya iya isa gare ta, kafin ya yaba sakamakonta. Rajistar lakwal ta Madawa, Buza da Keita, da bakin tsofaffin ɗalibai da suka bi hanyar Tawa da Yamai, su ne kayan aikin da ɗalibanmu masu bincike ya kamata su tattara tun masu labarin suna raye.