Wayar shafa

Wayar shafa, wadda ake kira babbar waya, ita ce wayar hannu da ake sarrafawa da yatsa a kan gilashi: a taɓa, a ja, a danne. Ta bazu ne bayan fitowar iPhone a 2007. Gilashin yana gane yatsa ta ɗan cajin lantarkin jikin mutum, shi ya sa ruwa ke rikita shi. Masuncin Yauri ko Wara da ya fito daga tafkin Kainji sai ya goge hannu kafin wayar ta saurare shi. A madannin Hausa na Gboard ana samun ɓ, ɗ da ƙ, amma da yawa saƙon murya suke turawa ta WhatsApp. Waƙa da wa'azi kuwa, Bluetooth da Xender ke kai su waya zuwa waya, ba data.